Farin Ƙwaron Da Ya Kusa Cinye Rogon Afirka, Da Ɗan Zanzaron Da Aka Saki A Ibadan



Duk wanda yake zaune a Ibadan, ko yake kawo kaya kasuwar Sasa, ya san makeken filin nan na IITA da ke kan hanyar Oyo, wato cibiyar binciken noman ƙasashe masu zafi da aka kafa a 1967. Kullum ana wucewa ta ƙofarta, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a nan aka shirya wani yaƙi da ya shafi tukunyar mutum kimanin miliyan 200. Makamin da aka yi yaƙin da shi wani ɗan ƙwaro ne da bai kai ƙwayar riɗi girma ba, wanda aka ɗauko daga Kudancin Amurka aka saki a gonakin wajen Ibadan a ƙarshen 1981. Garin kwakin da muke jiƙawa da ƙuli-ƙuli, da wanda 'yan uwanmu ke lodawa a tirela zuwa Kano da Sakkwato da Maraɗi, yana da hannun wannan ɗan ƙwaro a ciki.

Kafin a zo kansa, sai an san cewa rogo kansa baƙo ne a Afirka. Asalinsa Kudancin Amurka, kuma Turawan Fotugal ne suka kawo shi gaɓar teku a ƙarni na 16. A ƙasar Yarbawa bai samu karɓuwa sosai ba sai a ƙarni na 19, lokacin da 'yantattun bayi suka dawo daga Birazil zuwa Legas da kewaye, suka zo da sanin yadda ake gurza shi, a matse dafinsa, a soya ya zama gari. Daga nan ya bazu, don tsiro ne mai haƙuri. Yana yi a ƙasar da ta gaji, yana jure fari, kuma manomi yana iya barinsa a ƙasa shekara guda ko biyu, ya riƙa tonowa gwargwadon buƙata. Rumbu ne da ba a gina ba. Yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo.

Sai dai akwai wata sa'a da rogon ya taka wadda ba a lura da ita ba. Da ya ƙetaro teku, yawancin ƙwarin da ke cinsa a gida an baro su a can. Ya shekara ɗaruruwa a Afirka maƙiyansa daga cikin ƙwari 'yan kaɗan ne.

A 1973 aka fara ganin wani abu a gonakin da ke kewaye da Kinshasa da Barazabil, biranen da ke fuskantar juna a kan kogin Kwango. Kan tohon rogo ya riƙa dunƙulewa, ganye ya nannaɗe, kara ya daina tsawo. In aka buɗe dunƙulen sai a ga wasu ƙananan ƙwari masu laushi sun taru, jikinsu lulluɓe da wani farin abu kamar an barbaɗa musu gari. Ana kyautata zaton a jikin karan rogon da wani ya shigo da shi don yin iri suka iso. Masana ma ba su san shi ba. Sai a 1977 wata masaniyar ƙwari 'yar Faransa, Danièle Matile-Ferrero, ta yi bayaninsa ta raɗa masa suna Phenacoccus manihoti. Mu dai bari mu kira shi farin ƙwaron rogo.

Yadda yake ɓarna shi ne ya soka bakinsa a jikin toho ya tsotsi ruwan tsiron, yana kuma zuba wani dafi da ke hana ganye buɗewa. Amma abin da ya sa ya zama annoba shi ne yadda yake hayayyafa. Dukkansu mata ne, ba sa buƙatar namiji. Kowace ɗaya tana iya zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma cikin kimanin wata guda 'ya'yan sun isa su zuba nasu. A yi lissafi mai sauƙi: a ce daga kowace uwa 'ya'ya 100 ne kawai suka rayu. Ɗaya ta zama 100, a wata na biyu 10,000, a wata na uku miliyan guda. Ƙananan da suka ƙyanƙyashe kuwa iska ce ke kwasarsu daga gona zuwa gona, manomi kuma yana ɗaukarsu a kan karan da ya yanko don shuka bai sani ba.

A nan ne ilimin yawan halittu yake shigowa, kuma ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Kowace halitta, in aka bar ta, tana haihuwar fiye da abin da wurin zai iya ɗauka. Abin da ke tsayar da ita shi ne ƙarancin abinci, da yanayi, da masu cinta, da masu gasa da ita a kan abincin. Farin ƙwaron rogo ya sauka a nahiyar da abincinsa ya shimfiɗu daga Senegal har Mozambik, kuma babu wanda ya ƙware a cinsa. Saboda haka abu biyu kaɗai suka rage masu rage shi. Na farko ruwan sama, wanda ke wanke shi da damina. Na biyu yunwar da yake jawo wa kansa: da rani yakan yi yawa har ya kakkaɓe ganyen tsiron, 'yan uwa su yi ta gasa a kan ɗan abin da ya rage, sannan su mutu tuli. To amma kafin yunwa ta kashe shi, ta riga ta shiga gidan manomi. A wasu gonaki asarar ta kai kashi 80 cikin 100. A Kwango, inda ganyen rogo shi ne miyar yau da kullum, an rasa saiwa an rasa ganye. Ƙwaron ya riƙa cin ƙasa har kilomita 300 a shekara, kuma wajajen 1979 ya shigo Najeriya.

Abin da ya fara zuwa zuciyar hukumomi shi ne feshi. Amma farin da ke jikin ƙwaron kakin zuma-zuma ne da ke hana magani ratsawa, ga shi yana ɓuya cikin nannaɗaɗɗen ganye. Sannan wa zai biya? Rogo amfanin talaka ne, ana nomansa a ƙananan gonaki miliyoyi, galibi haɗe da masara ko kayan miya. A fesa guba a kan duk wannan, kowace shekara, a ƙasashe fiye da 20, ba abu ne mai yiwuwa ba, kuma ko ya yiwu, da mutanen da ke cin ganyen sun sha guba tare da ƙwaron. Samar da irin rogo mai jure ƙwaron kuwa aiki ne na shekaru masu yawa.

A 1979 IITA ta ɗauki wani matashin masanin ƙwari ɗan ƙasar Siwizalan, Hans Rudolf Herren, yana da shekara 30 da 'yan kai. Tunaninsa shi ne wanda Bahaushe ya daɗe da faɗa, cewa maganin biri karen Maguzawa. In dai wannan ƙwaro yana da gida, kuma a gidan nasa ba a taɓa jin ya zama annoba ba, to lalle akwai wani abu a can da ke danne shi. Aikin shi ne a gano gidan, a gano mai danne shin, a kawo shi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1888 da 1889 an ceto gonakin lemu na Kalifoniya daga wani ƙwaro ɗan asalin Ostireliya ta hanyar kawo wani ɗan buzuzu daga can, aikin da wani mai suna Albert Koebele ya yi. Amma tana da haɗarinta. A 1935 an kai wasu manyan kwaɗi Ostireliya don su cinye ƙwarin rake. Kwaɗin suka bar ƙwarin suka kama cin abin da suka ga dama, ga su da dafi, har yau ana fama da su. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da biri an sayi kare. Don haka sharaɗin shi ne a samo maƙiyin da ba ya cin komai sai wannan ƙwaro.

Neman gidan ya ba da wahala, don abin da ba shi da yawa ba a saurin ganinsa. Aka fara dubawa a yankin tsakiyar Amurka da arewacin Kudancin Amurka, aka samu wani farin ƙwaro a kan rogo mai kama da shi sak. Aka tattaro maƙiyansa, aka gwada su a kan na Afirka, suka ƙi. Daga baya aka gane ashe wani nau'i ne dabam, mai maza da mata, har aka sa masa suna Phenacoccus herreni don girmama Herren. Wannan kuskure ya ci lokaci, amma ya nuna wani abu mai amfani: waɗannan maƙiya suna da tsananin zaɓe, ba kowane farin ƙwaro suke taɓawa ba.

A 1981 Anthony Bellotti, masanin ƙwarin rogo na cibiyar CIAT da ke Kwalambiya, ya ci karo da ainihin ƙwaron a ƙasar Faraguwai. A can ba kowa ya damu da shi ba, saboda ɗai-ɗai ake ganinsa. A jikinsa aka samu wanda ake nema, wani ɗan ƙanƙanin dangin zanzaro da rina mai suna Anagyrus lopezi. Ba ya harbin mutum, ba ya cin tsiro. Ba a kawo shi Afirka kai tsaye ba. Sai da aka bi da shi ta Ingila aka killace shi, aka tabbatar ba ya ɗauke da wata cuta ko wani ƙwaron, aka kuma gwada ko zai taɓa wasu halittu, sannan aka iso da shi Ibadan.

Wanda ya taɓa fasa ɗakin lakar da zanzaro ke ginawa a bango ya ga tsutsotsi a ciki, ya riga ya san rabin labarin. Zanzaro yana ajiye wa ɗansa tsutsa ya ci. Shi wannan ƙaramin bai tsaya gini ba, jikin farin ƙwaron shi ne ɗakin. Macen tana soka ƙwai guda a cikinsa, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta cinye shi daga ciki, fatar ta bushe ta taurare, bayan mako biyu zuwa uku sabon zanzaro ya huda ya fito. Wasu ƙwarin ma ba ƙwai take sa musu ba, huda su take yi ta sha ruwan jikinsu su mutu. In ta samu babban ƙwaro takan sa ƙwan da zai zama mace, in ƙarami ne ta sa na namiji. Kuma bincike ya nuna tana gane rogon da aka kama ta hanyar warin da tsiron ke fitarwa idan ana tsotsarsa. Wannan shi ne sirrinta: ko da ƙwarin 'yan kaɗan ne a gona, za ta nemo su.

An sake shi a wajen Ibadan a ƙarshen 1981, aka sake saki a wajen Abekuta a shekarar da ta biyo. Cikin shekara uku aka same shi a faɗin kimanin murabba'in kilomita 200,000 na kudu maso yammacin Najeriya, mafi yawan tafiyar da fiffikensa da iska ya yi ta. Yawan farin ƙwaron a kan toho ya faɗi zuwa kimanin kashi 1 cikin 10 na yadda yake a da.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne masu aikin ba su tsaya a kan murna ba. Akwai masu cewa ai ruwan sama ne ya yi aikin, ko kuma buzuzun gida ne suka saba da sabon abinci. Peter Neuenschwander da abokan aikinsa, 'yan Afirka da Turawa, suka shiga gwaji. Suka lulluɓe wasu tohon da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi yadda zanzaron ba zai shiga ba, suka bar wasu a buɗe. A wasu filayen suka fesa maganin da ke kashe zanzaron ya bar farin ƙwaron. Duk inda aka hana zanzaron zuwa, farin ƙwaron ya sake cika. A wani binciken da aka yi a gonakin manoma a yankin sabana na Gana da Kwaddibuwa, an ƙiyasta ƙarin amfanin da aka samu da kimanin tan 2.5 a kowace hekta.

Gwajin feshin nan ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya fi shafar mu yau. Maganin da aka fesa ya ƙara yawan ƙwaron da ake son kashewa. Dalili kuwa a fili yake. Farin ƙwaron yana da rigar kaki yana kuma ɓoye, zanzaron kuwa tsirara yake yawo a kan ganye yana nema, shi guba ke fara samu. In aka kashe su duka biyun ma, mai cin tsiro ne ke fara farfaɗowa, don abincinsa na nan, shi kuwa mai cinsa sai ya jira ya yi yawa. Haka ta faru a Kalifoniya bayan yaƙin duniya na biyu: da aka fara fesa DDT a gonakin lemu, buzuzun Koebele ya mutu, ƙwaron da aka manta da shi fiye da shekara 50 ya dawo.

Sai batun gasa tsakanin maƙiyan kansu. Tun kafin zuwan zanzaron, ƙananan buzuzun nan na gida masu ɗigo-ɗigo a baya sun koma cin farin ƙwaron, har suka yi yawa ƙwarai. Amma su masu zuwa walima ne, ba sa taruwa sai abinci ya yi tuli, lokacin kuwa ɓarna ta riga ta auku. Da zanzaron ya rage ƙwaron tun yana kaɗan, sai walima ta watse, yawan buzuzun ya koma yadda yake.

An kuma kawo wani ɗan uwan zanzaron daga Kudancin Amurka, mai suna Anagyrus diversicornis, da fatan hannu biyu ya fi ɗaya. Aka sake shi a wurare da dama, bai kama ba. Da aka bincika sai aka ga lopezi ya fi shi iya nema, yana iya amfani da ƙananan ƙwarin da shi ɗayan ba ya samun 'ya'ya mata a cikinsu, kuma in su biyun suka sa ƙwai a ƙwaro ɗaya, galibi tsutsar lopezi ce ke rayuwa. A can gidansu akwai wasu fararen ƙwarin da diversicornis zai koma wa, a gonar rogon Afirka kuwa akushi ɗaya ne. Tun a 1934 wani masani ɗan Rasha, Georgy Gause, ya nuna haka da wasu ƙananan halittun ruwa iri biyu a cikin kwalba: kowanne shi kaɗai yana rayuwa lafiya, in aka haɗa su a kan abinci ɗaya, ɗaya yakan ƙare. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Shi ma lopezi bai tsira ba. Wasu ƙananan zanzaron gida suka koma sa ƙwansu a cikin tsutsarsa, wato mai ci ya samu mai cinsa. Tururuwa kuma, saboda ruwan zaƙi irin na darɓa da farin ƙwaron ke fitarwa, takan tsaya gadinsa tana korar maƙiya kamar makiyayi da garkensa. Duk da haka ba su hana aikin ba.

Da aka tabbatar da nasara a Najeriya, sai aka shiga kai shi sauran ƙasashe. Kiwonsa aiki ne mai hawa uku: a shuka rogo, a ciyar da farin ƙwaro da rogon, a ciyar da zanzaro da farin ƙwaron. Ga shi ba ya daɗewa a raye in ya fito, hanyoyin mota kuma a lalace, wasu wuraren ana yaƙi. Har jirgin sama aka yi amfani da shi, yana tafiya ƙasa-ƙasa yana sako ƙwarin a kan gonaki. A 1988 aka mai da cibiyar aikin Kwatano a Jamhuriyar Benin. An sake shi a wurare kusan 150, ya kuma zauna a ƙasashen Afirka 26. Masanin tattalin arziki Richard Norgaard ya lissafa a 1988 cewa kowace dala 1 da aka kashe ta dawo da dala 149. A 1995 aka ba Herren babbar kyautar abinci ta duniya. A ganina sunansa ya rufe na mutane da yawa, musamman ma'aikatan gona na ƙasashen Afirka da suka yi shekaru suna bin ƙauyuka suna ƙirga ƙwari a kan toho ɗaya bayan ɗaya.

Manomi bai biya ko kwabo ba, da yawa ma ba su san an yi ba. Sun dai ga cutar ta lafa.

Kada a ɗauka an ƙarar da farin ƙwaron. Yana nan har gobe a gonakin rogo, kuma dole ya kasance, don in ya ƙare zanzaron ma ya ƙare. Abin da aka yi shi ne an mai da shi yadda yake a Faraguwai, ɗai-ɗai. Inda har yanzu yake ɓarna shi ne gonakin da ƙasarsu rairayi ce da ta gaji, ba taki ba ciyawar rufi. A nan tsiron ba shi da ƙarfi, ƙwarin da ke kansa ƙanana ne, zanzaron kuma sai ya yi ta haifar maza, waɗanda ba sa kashe komai. Gyaran ƙasa ya zama wani ɓangare na maganin ƙwaro.

Kuma ba kowace annoba ke da maƙiyi guda mai irin wannan ƙwarewa ba. Tsutsar masarar nan da aka fara tabbatar da shigowarta Afirka a farkon 2016, a nan kudu maso yammacin Najeriya, tana cin tsirrai iri-iri kuma tana tafiya mai nisa. A shekarar ce kuma tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kano da Kaduna, har kwando ya gagari mai saye a Sasa da Mile 12. Dukansu baƙi ne daga nahiyar Amurka, kamar farin ƙwaron, kuma har yanzu feshi ne abin da yawancin manoma ke dogara da shi, ga tsada, ga ƙwarin suna sabawa da maganin. A Nijar, masu bincike a Maraɗi sun bi hanyar zanzaro a kan tsutsar da ke huda zangarniyar gero, sai dai nasu ɗan gida ne: ana kiwonsa a ƙananan buhunan algarara a rataye a gonaki lokacin da gero ke fitar da kai.

Farin ƙwaron rogo kuwa bai tsaya a Afirka ba. A 2008 aka gan shi a Tailan, ƙasar da ke kan gaba wajen fitar da garin rogo da sitaci zuwa kasuwannin duniya, ya kuma yi ɓarna irin wadda ya yi a nan. Wannan karon ba a sha wahalar nema ba. A 2009 aka ɗauki zanzaron daga cibiyar IITA ta Kwatano aka kai Tailan, aka yi kiwonsa, a 2010 aka fara sakinsa dubu-dubu a gonakin arewa maso gabashin ƙasar. A 2014 aka kai shi Indunusiya.